Sunaye Ukku Da Barmo Ya Ƙara

SHAMSIYYA: Alo? … Alo, wa ke magana?

BARMO: Wa ke magana! Ji min yarinya. Mijinki na hwari na, wanda anka ƙwace ki daga hannunai da rana tsaka.

SHAMSIYYA: La! Kaka Barmo! Ina wuni, Kaka?

BARMO: Lahiya lau, amarya. Ina gajiya?

SHAMSIYYA: Babu gajiya. Ina gida? Ina mutanen Garhanga?

BARMO: Suna nan, babu wanda yaƙ ƙaru da hankali tun tahiyarki. Yaya Madawa? Yaya zahi?

SHAMSIYYA: Zahi kam sai godiya, ko ganye ba ya motsi. Yaya gwiwar taka?

BARMO: Wace gwiwa? Shekaranjiya nit tsere da moton ɗan Liman, nib bar shi baya shina tari.

SHAMSIYYA: Moton ke tari ko kai?

BARMO: Ki ji rashin kunya. Ina ɓarawon nan, Mahfuzu?

SHAMSIYYA: Ya tahi Buza aiki, sai Alhamis.

BARMO: Madalla. Ki ce mai in ya dawo shi iske na maida aurena.

SHAMSIYYA: Da haƙori nawa za ka maida shi?

BARMO: Huɗu. Amma duk jarumai na.

SHAMSIYYA: Allah shi bar muna kai, Kaka. Yaya Inna Tabawa da yara?

BARMO: Lahiya lau suke. Alo? Kina jina?

SHAMSIYYA: Ina jinka, amma ƙasa-ƙasa. Kai da ake jin muryarka tun daga bakin kasuwa, yau mi ya same ta?

BARMO: Rezo na, layin wayar ba shi kamawa. Ina bayan rumbu.

SHAMSIYYA: Bayan rumbu cikin wannan rana? Ai ƙohwar gida rezo ke kamawa wurinku.

BARMO: Ƙohwar gida da baƙi. Bar wanga zance. Ke, har yanzu Ingilishi kike koya ma ɗiyan mutane lakkwal, makarantar boko?

SHAMSIYYA: Shi dai. Yanzu ma kayen yara, littattahan aikinsu, nike gyarawa. Ko za ka shiga ajina?

BARMO: Ni in shiga, wa za shi koya ma wani? Saurara. Wata kalma nike so ki karanta min. Tana bisa takarda, ƙarƙashin hotona.

SHAMSIYYA: Hotonka? Wa ya ɗauke ka hoto?

BARMO: Manyan mutane. Ina zuwa nan. Na kai ma mushe, malamin lakkwal ɗinmu, yad duba, yay yi dariya, yac ce Ingilishi na, shi Faransanci yaƙ ƙare, in nemi jikata. To ga baƙaƙen, in hwaɗa miki ɗaya-ɗaya.

SHAMSIYYA: Ka iya su?

BARMO: Kwana goma sha ɗaya niy yi karatun manya kahin su kore ni don na sa mushe ya shaƙe da dariya. Riƙe bik ki rubuta. Na hwari, mataji mai haƙori ukku.

SHAMSIYYA: Mataji… E ke nan. To.

BARMO: Sai mai ƙaton kai da yam miƙa ƙahwa guda gaba, awa za shi harbi kare.

SHAMSIYYA: R.

BARMO: Sai akushi babu marhi.

SHAMSIYYA: Babu mi? Layin ya yanke.

BARMO: Marhi! Akushi buɗe!

SHAMSIYYA: U. Ci gaba.

BARMO: Sai mai tumbi irin na Hamidu mai shago. Sai sanda tsaye. Sai sanda da ta ɗauko icce bisa kai. Sai matajin nan ya sake dawowa.

SHAMSIYYA: D, I, T, E. Tsaya in haɗa… Kai! Kaka! Wa ya rubuta maka wannan?

BARMO: Zagi na ko?

SHAMSIYYA: Ina zagi! Erudayit ake cewa. Faransanci ma akwai ta, erudi, shi ya sa mushe ya yi dariya. Babban masani ke nan. Mutumin da ya sha ilimi ya ƙoshi, wanda in an rasa amsa wurinsa ake zuwa.

BARMO: Masani…

SHAMSIYYA: Alo? Na ɗauka za ka ce in sa a hwaɗa gidan rediyo.

BARMO: Ba ta da wata ƙanwar ma'ana? Awa a ce tsoho mai daɗin hira? Ko mai ban dariya?

SHAMSIYYA: Babu. Masani dai, mai zurhi.

BARMO: Duba da kyau. Ba ki da babban littahin nan da ya hi tubali nauyi?

SHAMSIYYA: Ƙamus? Ga shi kusa. Yau kai ke gudun yabo? Tsaya… to, ga ta. Har asalinta an rubuta. Daga Latin ta hito, harshen mutanen Rum na da can. Gaɓa biyu ce. Ta hwarko tana nuhin hitarwa. Ta biyun, rudis, abu mai kaushi, ɗanye, wanda hannu bai taɓa gyarawa ba.

BARMO: Awa dutsin da ba a sassaƙa ba.

SHAMSIYYA: Yawwa. To in an haɗa, wanda anka hitar daga kaushi ke nan. An goge shi, an goge shi, har ya yi sumul.

BARMO: Goge kic ce?

SHAMSIYYA: Goge. Haka suke ganin karatu, mutum ɗanye ne sai an…

BARMO: Shi ke goge kainai, ko wani ke goge shi?

SHAMSIYYA: Wani mana. Malaminsa. Wa ya taɓa goge kansa?

BARMO: Inna lillahi.

SHAMSIYYA: Kaka, lahiya? Mi ya hwaru?

BARMO: Shamsiyya, na yi ɓarna.

SHAMSIYYA: Akuyar wa ka kuma shahwa wa shuni?

BARMO: Ba irin wagga ba. Kin san dutsin nan na bayan gari, mai baƙin kai, inda anka hana ku hawa kuna ƙanana?

SHAMSIYYA: Dutsin su Kaka Jima, yayanka. Na sani.

BARMO: To. Tun zamanin aznanci gidanmu ke riƙe da shi. Kowane zamani akwai mutum guda, mai dutsi. Shi ke sanin ranar ruwan hwari, da inda za a gina rijiya, da abin da ke tahe ma gari. Jima na na ƙarshe. Shekara tara da rasuwatai, babu wanda yaɗ ɗauka, kowa ya kama sallatai, an huta.

SHAMSIYYA: Ni tsoro yake ba ni. Ban taɓa ganin haƙorinsa ba.

BARMO: Ni na gani. Muna samari ya hi ni iya shege, ke in Jima ya hwara ba da labari mata har tulu suke saki. Ranar da anka gama koya mai, yas sauko, shi ke nan. Wanda anka koya ma ba shi dariya, ba shi iya ƙarya ko ta wasa da jika, ba shi cin tuwo da kowa. Bukka gindin dutsi, shi ɗai, shekara talatin da ɗaya. In na kai mai hura in yi mai barkwanci, sai shi dube ni awa iccen da yaw wuce.

SHAMSIYYA: Allah shi jiƙansa. To mi ya haɗa wannan da hoto?

BARMO: Wata guda da rabi ke nan wata mata taz zo da mota hwara, ita da tahinta. Baƙa ta awa mu, amma Ingilishi take ji, daga wata babbar makaranta ta nesa. Tarihin mutanen da take tarawa cikin ɗan akwatin ɗaukar magana. Anka kai ta wurin Liman, yac ce shi bai san zancen dutsi ba. Anka kai ta wurin Hamidu, yac ce wanda yas sani ya mutu. Ina zaune ina ji.

SHAMSIYYA: Wayyo. Sai ka kasa haƙuri.

BARMO: A ce gari guda babu wanda yas sani, ina raye? Gaban Hamidu? Nic ce ma tahinta, hwaɗa mata ta iso gida, Jima ma ni nike tuna mai in ya mance.

SHAMSIYYA: Kaka!

BARMO: Nik kai su har bisa. Da wagga gwiwa. Tac ce mi ake yi in an zo nan? Nic ce kiran sunaye. Kuma gaskiya ta, haka ake yi. Mutum shi tsaya gaban dutsi shi kira masu dutsi bakwai da sunka wuce, ɗaya bayan ɗaya. Abin da ban hwaɗa mata ba, ba a kiransu don nuni. Wanda yak kira bakwai ɗin nan cewa yay yi, ga ni, ku zo ku koya min.

SHAMSIYYA: Kuma ka san haka ka kira?

BARMO: Nic ce ai ba za ta kama ni ba, tunda huɗu kaɗai nis sani. Su ma laɓe niy yi ma Jima nij ji. Amma ga mata ta ɗaga akwati, ga tahinta ya buɗe baki shina jira. In tsaya ga huɗu? Sai niƙ ƙara ukku daga kaina.

SHAMSIYYA: Ka ƙirƙiro kakanni.

BARMO: Masu kyau kuwa. Har da kamanninsu nib ba ta, tana ta rubutu. Na biyat nic ce Gurgu Maitaba, ƙahwar hagu shike ja, kullum taba da kanwa cikin kunci. Shi ke nan sunka tahi, nim mance. Ranar kasuwa direban matar yak kawo min hoton nan da rubutu ƙasa. Nib bi gari da shi, har ɗakin Hamidu nish shiga nid dasa mai ga hanci. Washegari, Talata, bayan azahar, ina kishingiɗe cikin zaure, sai nij ji ana jan ƙahwa. Sharr. Sharr.

SHAMSIYYA: Kaka, bari.

BARMO: Yay yi sallama irin ta mutanen da, wadda babu Larabci ciki. Nic ce wa ke nan? Yat tohe taba gehe, yac ce, kai kak kira.

SHAMSIYYA: Wani ne ya ji labarin yake maka wasa. Hamidu ne ya turo shi, wallahi. Kai nawa ka yi wa mutane?

BARMO: Haka nic ce. Har nit tashi in ja gemunai in gani ko na akuya na. Sai ga Liman za shi wuce, yal leƙo, yac ce, a'a, Maitaba, kwana biyu, yaya ƙahwar? Liman, Shamsiyya! Mutumin da ko ranar sallah ba shi wasa.

SHAMSIYYA: To ko akwai wani mai sunan da can, ka ji kana yaro ka mance?

BARMO: Jakin Liman nig gani ƙasan dutsi shina ɗingishi, ga taba cikin bakina. Nan niy yi shi. Ni nis san inda niy yi shi.

SHAMSIYYA: Ka sha maganin tansiyonka na hawan jini kuwa? Zahin nan yana sa mutum… alo? Alo?

BARMO: Ina nan. Leƙawa niy yi. Suna zaune.

SHAMSIYYA: Suna? Su nawa ne?

BARMO: Biyu. Ta shidda taz zo jiya, ita ma bayan azahar. Mace niy yi ta don matar nan ta ji daɗi. Nic ce sunanta Cima, garwashi take yawo da shi cikin kasko, ba shi mutuwa rani da damina.

SHAMSIYYA: Au, Baba Cima! To ai ka ga. Wannan kam ba kai ka yi ta ba. Mai guntun ɗan yatsa ba? Ita ke gasa muna gujiya cikin kaskon nan in mun zo hutu, tana zama gehen rijiya, bakin…

BARMO: Ban ce miki guntun yatsa ba.

SHAMSIYYA: Ai kowa ya san…

BARMO: Ɗiyar wa ta? Matar wa? Ina ɗakinta cikin gari?

SHAMSIYYA: Ɗakinta yana… bayan gidan… tsaya. Yana nan dai wajen…

BARMO: Wata biyu baya babu ta duniya, Shamsiyya. Tsohon kasko nig gani hwashe gindin dutsi, niy yi ta. Yatsan ma don tahinta ya tambaya mi ke gare ta na daban.

SHAMSIYYA: A'a. A'a, Kaka. Har garwashinta ya taɓa ƙona ni ga hannu, ina aji biyu, Inna ta shahwa min man shanu. Tabon yana… 

BARMO: Shina nan?

SHAMSIYYA: Tsaya in duba…

BARMO: Amarya.

SHAMSIYYA: Yana nan. A'uzu billahi. Kaka, yana nan, ina kallonsa. Ban san ko jiya yana nan ba.

BARMO: Haka gari duka. Tabawa ta kai musu hura ba a ce ta kai ba, tana ce ma Cima, Baba, kin yi wuyar gani. Ni ɗai nis san ƙarya ta. Ni da ke yanzu, ke ma rabi.

SHAMSIYYA: Mi suke ce maka? Mi suke so?

BARMO: Ba su magana. Da nike jiran su buɗe baki su hwara karatu awa mushe. Ina! Gurgun shi kama hannuna shi aza bisa gwiwatai. Shina da ɗan dutsi mai santsi, irin wanda mata masu ginin tukwane ke bi da shi bayan tukunya. Shi yi ta gogawa. Tahin hannu, bayan hannu. Ita kuma ta ɗumama dutsin cikin kasko ta miƙa mai. Babu zahi. Daɗi ma gare shi, har barci ke ɗibata.

SHAMSIYYA: Shi ya sa ka ce…

BARMO: Shi ya sa nit tambaye ki wa ke goge wa. Kantar hauya ta shekara sittin, Shamsiyya, wadda nike kunna ashana bisanta in ba ku dariya. Babu ta. Hannuna awa na jinjiri. Yau da sahe ya hau huska. Tsagen gidanmu na kuncin dama, na shahwa, sai da nil lalaba kahin in same shi.

SHAMSIYYA: Ka hana shi mana! Ka janye hannunka!

BARMO: In ya miƙo nashi, nawa ke tahiya da kainai. Kuma duk wurin da yag goge, sai in iske na san wani abu. Ba a hwaɗa min ba, kawai shina nan, awa ka sa hannu aljihu ka iske goro. Na san inda tsohuwar rijiya take ƙarƙashin masussuka. Na san saniyar Tabawa tagwaye gare ta. Na san ba Buza Mahfuzu yat tahi ba, Tawa yat tahi karɓo sakamakon awon da anka yi miki, kuma lahiya lau na, ki bar kuka.

SHAMSIYYA: Wa… Kaka, ko Inna ban hwaɗa wa ba.

BARMO: Na sani. Wannan ɗin ita ta ɓarnar.

SHAMSIYYA: To saurara. Saurara. Ka ce bakwai. Na bakwai hwa?

BARMO: Shi ban ba shi komi ba. Kaina ya ƙahe, rana ta dake ni. Sai nic ce ma matar, na bakwai ba a hwaɗin sunanai, ba a hwaɗin kamanninai, shi ke zuwa ƙarshe shi hau da mutum bisa. Har tana jinjina kai. Ni kuwa ina jin daɗi na yi dabara.

SHAMSIYYA: Talata ɗaya, Laraba ɗaya. Yau Alhamis… a'a, yau…

BARMO: Yau Alhamis. Ke ma kwanakin sun ruɗe miki. Azahar ta wuce bai zo ba. Su biyun tun ɗazu dutsi suke kallo.

SHAMSIYYA: Babu yadda ake warwarewa? Abin mutanen da duk yana da mahita. Kaka Jima bai taɓa hwaɗi ba?

BARMO: Akwai.

SHAMSIYYA: To mi?

BARMO: An taɓa yi, wani makiyayi ya kira su da wasa. Mutum shi tahi gaban dattawan gari, shi tuɓe hula shi aje ƙasa, shi ce sau ukku da ƙarhi, ban sani ba, ƙarya niy yi. In ya hwaɗa kahin na bakwai shi iso, sai su tashi su kakkaɓe riga su koma.

SHAMSIYYA: Shi ke nan? Magana biyu? Kuma tun Talata kana zaune?

BARMO: Ke ba ki gane ba. Dattawan gari su wa? Liman, da Maigari, da Hamidu. Hamidu! Mutumin da nid dasa ma hoto ga hanci. Tun muna kiwon awaki shike jiran wagga rana. In tuɓe hula gabanai in ce ƙarya niy yi? Har cikin kabari za shi riƙa tashi shina dariya.

SHAMSIYYA: Sai ka kira ni in rage wa kalma nauyi.

BARMO: Nic ce hala in takardar ba ta ce masani ba, in kai musu in ce kun gani, ko baƙuwar ba ta ɗauke ni da gaske ba, ku yi haƙuri ku koma. Sai ke kuma kib buɗe tubalinki kik karanto min aikin da suke yi cikin zaurena.

SHAMSIYYA: Kaka, bar Hamidu ya yi dariya. Ya yi ta shekara. Kai ma ka rama, ai ka iya. Ka hi son bukkar Kaka Jima? Wa zai riƙa ce min amarya? Wa zai ba ɗiyana labarin kurar nan da ka kashe da takalmi?

BARMO: Kura kam na kashe ta. Daminar da anka yi yunwa, ina dawowa daga Tama, tat tare min hanya, nit tuɓe takalmi nic ce… nic ce…

SHAMSIYYA: Ka ce mata, ke ko ni.

BARMO: Kare na.

SHAMSIYYA: Mi?

BARMO: Karen Hulani na. Kuma shi yak kore ni, nib bar takalmin can. Kai! Ba haka za ni ce ba. Kura ta, ƙatuwa, tana da… kare na, ja, da yankakken kunne. Shamsiyya, bakina.

SHAMSIYYA: Sake gwadawa. Moton ɗan Liman, ɗazu-ɗazun nan ka hwaɗa min. Ka tsere masa.

BARMO: Ɗauko ni yay yi daga likita, don gwiwa ta hana ni taka ƙasa.

SHAMSIYYA: Tashi. Tashi yanzu, Kaka, don girman Allah. Ina dattawan suke?

BARMO: Gindin iccen bedi na masallaci, suna jiran la'asar.

SHAMSIYYA: Kar ka kashe waya. Riƙe ta ga kunne ka tahi, ina tare da kai. Ka bi ta bayan gida, kar ka bi zaure.

BARMO: Darni ya tsaga nan wajen turken awaki. Bari in… wash. To, na hita. Ke, in Hamidu ya yi dariya ki shaida, ke kis sa ni.

SHAMSIYYA: Na ɗauka. Ka ce matarka ce ta tilasta ka. Yi sauri.

BARMO: Sauri da wace gwiwa… Af.

SHAMSIYYA: Mi kuma?

BARMO: Ba ta ciwo. Tahiya nike awa saurayi.

SHAMSIYYA: Kar ka tsaya duba ta. Mi ke wannan ƙara? Kamar ana shara bayanka.

BARMO: Ba shara ba ta. Ƙahwar hagu ta.

SHAMSIYYA: Kar ka waiwaya.

BARMO: Ba sai na waiwaya ba, ina jin ɗumin kasko ga ƙeyata. Ba su hana ni ba. Rakiya suke min, awa ango.

SHAMSIYYA: Karanta duk abin da ka iya. Ka kusa?

BARMO: Ga bedi. Ga su nan jere bisa tabarma. Ga tumbin Hamidu ya riga shi ganina. Salamu alaikum, jama'a! … Lahiya lau, Liman. … Ranka shi daɗe, Maigari. … A'a, ba zama za ni yi ba, magana gare ni. … E, Hamidu, masanin na, shi na da kainai, ka bari in gama.

SHAMSIYYA: Hular, Kaka. Tuɓe hular.

BARMO: Na tuɓe. Ga ta ƙasa. Duk suna kallona. Jama'a, ku shaida. Ni Barmo, ƙanen Jima, abin da nih hwaɗa ma baƙuwar nan bisa dutsi… ni dai ban… ban sa…

SHAMSIYYA: Ban sani ba. Hwaɗi! Ban sani ba!

BARMO: Ban s… Hamidu, kada ka shuka gonarka ta kwari bana, ruwa za shi cinye ta.

SHAMSIYYA: Kaka! Ba shi ba!

BARMO: Na ji, na ji, tsaya. Jama'a, ku yi haƙuri. Cewa za ni yi, ƙarya ni… ƙar… Ruwan hwari daren Lahadi ta sama, kada kowa shi kai iri ƙasa, na yaudara na, kwana goma sha tara za shi ɗauke. Maigari, a gina bayan masussuka, gaba shidda, akwai ruwa.

SHAMSIYYA: Toshe kunnenka ka bi bakina. Ban.

BARMO: Ban.

SHAMSIYYA: Sani.

BARMO: …

SHAMSIYYA: Sani, Kaka! Kalma guda! Shekara saba'in kana zuba ƙarya babu ko tari, guda ɗaya ta gagare ka?

BARMO: Ranar Talata da nih hwaɗa, da gaskiya ta. Jiya ma da ta hita. Yau da sahe hala. Yanzu ba ta hita, Shamsiyya. Na sani.

SHAMSIYYA: To rabin na biyun! Ka ce ƙarya ka yi, ai ka yi ta, kai ka ƙirƙiro su!

BARMO: Ga su tsaye, Liman na ba su tabarma. Wace ƙarya?

SHAMSIYYA: Ba Hamidu wayar. Ba shi in yi masa magana, shi ya san halinka, ya ƙaryata ka gaban kowa!

BARMO: Hamidu ya tuɓe takalmi. Ya duƙa min. Ba shi dariya.

SHAMSIYYA: Wayyo Allah. Kaka, ina zuwa. Yanzu zan nemi mota, ko ta kaya ce, in kwana Keita gobe da sahe ina nan. Ka shiga masallaci ka zauna, kar ka hita, ka ji? Kar ka bi kowa.

BARMO: Kada ki shiga motar yamma, za ta lalace kahin Buza. Ki jira ta sahe.

SHAMSIYYA: Bar hwaɗa min irin wannan! Mi ya sa sunka yi shiru haka? Ba na jin kowa. Ko tsuntsu ba na ji.

BARMO: Sun miƙe tsaye. Wani na saukowa daga dutsi.

SHAMSIYYA: Wane ne? Yaya yake?

BARMO: Ba a hwaɗi.

SHAMSIYYA: Kai ka ce ba a hwaɗi! Kai ka ƙaga wannan ma, don kanka ya ƙahe! Kaka, ji nan. Ango. Angona mai haƙori huɗu. Ka tuna ranar da ka sa wa jakin Maigari wando ka kai shi kasuwa? Yi min dariya. Guda ɗaya tak, in ji, sai in kashe.

BARMO: Dariyar mi, Shamsiyya?

SHAMSIYYA: Kaka…

BARMO: Ana jirana.